Simintin Masallacin Fatake

A taku na goma sha ɗaya daga ƙofar arewa Hachimou ya tsaya, ya lanƙwasa yatsansa na tsakiya, ya ƙwanƙwasa bango sau uku, sannan ya kara kunne. Bangon ya amsa masa da irin muryar tulun da ba ruwa a ciki. Ya ɗaga hannu sama kaɗan, ya sake ƙwanƙwasawa. Haka dai. Sai da ya kai daidai kafaɗarsa kafin muryar ta gajarce, ta yi nauyi, irin ta bangon da cikinsa ke cike. Ya zaro guntun gawayi daga aljihu ya ja layi a wurin. Layin bara yana can ƙasa, daidai ƙugunsa. Na bara waccan ruwan sama ya wanke, amma bai manta inda yake ba, a gwiwa ne.

"Baba Hachimou, yau ma ba kowa a gidan?" in ji mai shayin da ke hura wuta a tsallaken hanya.

"Ba kowa."

"To ka bar musu sallahu mana, ka zo ka sha na zafi."

'Yan zem biyu da ke zaune kan baburansu suna jiran fasinjan safe suka yi dariya. Hachimou ya wuce gaba da ƙwanƙwasarsa. Shekara bakwai ke nan yana wannan zagaye bayan sallar asuba, kuma unguwar ta saba da shi kamar yadda ta saba da tarin liman. Ba wanda ya taɓa tambayarsa da gaske abin da yake saurare. Shi kuwa abin ƙarami ne a faɗa: tsakanin simintin da ya lulluɓe masallacin ta waje da ƙasar da aka gina shi da ita akwai rami, ramin yana girma, kuma ya fi girma a bangon alƙibla, inda sahun farko ke ɗora goshi. Saura wata biyu damina ta kankama. Hannun da ya shafa simintin kuma shi ne wannan mai ƙwanƙwasawa.

Masallacin Fatake yana cikin tsohuwar unguwar 'yan kasuwa ta Djougou, a wani lungu da mota ba ta shiga. Ba wanda ya san shekarar da aka gina shi. Abin da tsofaffi suka riƙe shi ne, fataken goro masu tafiya Gwanja ne suka aza shi, mutanen da suka saba yada zango a nan su huta da jakunansu, har wasunsu suka yi aure suka manta hanyar gida. Ba babba ba ne. Sahu shida yake ɗauka idan an matsa. Kaurin bangonsa ya kai kamu uku a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. A ciki ginshiƙai huɗu ne na ƙasa, kowanne mutum biyu ba sa zagaye shi da hannu, kuma daga kansu bakuna suka tashi suka haɗu a sama, an yi musu ƙashi da azara, itacen giginya da aka tsattsaga. Ko a tsakiyar zafin Maris, wanda ya shiga zai ji sanyi ya taɓa masa tafin ƙafa ya hau har ƙeya. Haske yana shigowa ta 'yan tagogi uku da ba su fi faɗin allo ba, ya faɗi a kan tabarmi, ya yi ta rarrafe har la'asar.

Gidan su Hachimou ne masu kula da jikinsa tun kakanni. Mahaifinsa, Ɗanbala magini, mutum ne marar yawan magana, mai manyan hannuwa da faratan da ƙasa ta cinye. Shi ya koya masa cewa bangon ƙasa yana shan ruwa da damina ya fitar da shi da rani, kamar yadda mutum ke gumi, kuma aikin magini bai wuce ya sabunta masa fata duk shekara ba. Wannan sabuntawa ita ce yaɓe, kuma a da ranar yaɓe rana ce ta unguwa duka. Tun saura sati uku ake ɗebo jar ƙasa daga wani kududdufi a hanyar Sérou, a karɓo kashin shanu wajen Fulanin Pélébina, a kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, a rufe a bar shi ya ruɓe har warinsa ya hana maƙwabta cin tuwo a waje. Mata masu daddawa kuwa duk shekara ba sa zubar da ɓawon ɗorawa. Su tara shi a buhu, su jiƙa a manyan tukwane har ruwan ya yi jaja-jaja mai duhu. Makuba ke nan, ita ce ke hana ruwan sama cin yaɓen. Ran aiki maza su jeru a kan tsani, a riƙa miƙa curi daga hannu zuwa hannu, a shafa da tafi. Idan ya bushe, sawun yatsun kowa na nan a jiki. Mutum yakan kawo ɗansa ya nuna masa: ga hannuna can, kusa da indararo.

A wajen tukwanen makuba Hachimou ya fara ganin Iyatu, hannunta rine har gwiwar hannu, tana zagin wani da ya tsoma mata bokiti mai ƙasa a ciki. Bayan damina biyu aka ɗaura musu aure.

Daga baya sai mutane suka fara raguwa. Samari suka gano babur, suka tafi Parakou da Cotonou yin zem. Wasu suka bi manyan motoci zuwa Malanville. Shi kansa Hachimou ya yi shekara tara yana zuwa Parakou da rani, yana aiki a shantiye, wajen manyan gine-gine, inda aka daina ce masa magini aka koma ce masa maso. Can ya koyi bulo da siminti, kuma ya so su, ba zai yi ƙarya ba. Ya so yadda siminti ke kwanciya sumul a ƙarƙashin cokali, ya so yadda ake gama aiki a juya baya ba a sake waiwaya. Shekarar da ya dawo yaɓe ya tarar mutum shida ne kawai suka fito, huɗu daga cikinsu masu furfura, ya yi kwana goma sha ɗaya a kan tsani, kuma ruwan farko ya same shi bai gama bangon yamma ba.

A wannan hali Alhaji Abdoulrahim ya same su. Haifaffen unguwar ne, amma kasuwanci ya zaunar da shi a Parakou, inda yake da rumbunan atamfa da motocin dakon kaya. Ya dawo daga hajjinsa na biyu a shekarar 1997 da niyya guda a zuciya. Ya tara dattawa a ƙofar masallaci ya ce ya ga wahalar da ake sha, kuma ya yi alkawari a gaban Ka'aba zai sa wa masallacin kakanninsa rigar da ba za ta sake bukatar hannun kowa ba. Bayan sati ɗaya kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya a bakin lungu, aka yi ta shigo da buhunan siminti a ka. Mata suka yi guɗa. Hachimou ma ya ji daɗi, har ya kasa cin abinci.

Siminti ba ya kama ƙasa, wannan kowane maso ya sani. Don haka ya kafe bangon da ƙusoshi, dubbai, ya ɗaure ragar waya a kansu, sannan ya shafa. Da bangon arewa ya fara. Ya gama shi ran Alhamis da la'asar, ya fito fes, toka-toka, ba sawun yatsa ko ɗaya. Jama'a na tsaye suna kallo sai ga Iyatu ta jawo Ɗanbala da sanda, domin a lokacin idonsa ya riga ya tafi. Tsohon ya ɗora tafinsa a bangon, ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Ya kara kuncinsa ya daɗe a haka.

"Aikin wa?"

"Nawa ne, Baba."

"Ya yi kyau?"

"Kowa na yabawa."

"To ta ina zai yi gumi?"

Hachimou ya ce siminti ba ya barin ruwa ya shiga, don haka ba abin da zai fita. Tsohon ya ce ruwa ba ya neman izini, ta ƙasa ma yana hawowa. Ya rage murya yadda su uku kawai za su ji, ya ce, "Ɗaya ka yi. Tsaya nan. Bar masa ukun ya yi numfashi."

Amma buhuna na jibge a zaure, an riga an kafa ƙusoshin bangon gabas, Alhaji kuma yana zaune kan kujera a inuwa da baƙinsa daga Parakou, yana nuna Hachimou da carbi yana cewa ga irin 'ya'yan da gari ke bukata. Washegari Hachimou ya hau tsani. Cikin wata ɗaya ya rufe masallacin ruf, har zankayen da ke kusurwoyin rufi. Aka manna ɗan allon dutse a gefen ƙofa da sunan Alhaji, da larabci da faransanci, da roƙon Allah ya sa sadaka ce mai gudana. Ɗanbala bai sake tayar da maganar ba. Ya ci gaba da zuwa salla, sai dai ya bar wurinsa na jikin bango ya koma tsakiyar sahu. Da daminar da ta biyo ya rasu.

Shekara goma ba abin da ya faru, kuma a cikinsu unguwa ta manta yaɓe. Kududdufin hanyar Sérou aka cike shi aka dasa kashu. Sannan tsaga ta fara bayyana, siririya kamar gashi, daga bakin indararo zuwa ƙasa. Hachimou ya liƙe ta da siminti. Wata ta fito, ya liƙe. Ciki kuma fentin ya fara kumbura yana zubowa, tabarmin sahun farko suna ɗaukar wani wari ko da rani. An taɓa yin wasu baƙi daga kudu, masu aikin adana kayan tarihi, suka zagaya da na'urar hoto, suka auna ginshiƙai, wata daga cikinsu ta dafa simintin ta girgiza kai ta ce da faransanci, "Dommage," wato abin takaici. Suka sha ruwa suka tafi, ba a sake jin su ba. Alhaji ya rasu shekara takwas da suka wuce. Tun daga nan kowace Juma'a bayan la'asar liman ke ambaton sunansa, jama'a su shafa.

A safiyar da layin gawayi ya kai kafaɗa, Hachimou bai koma gida karyawa ba. Ya jira rana ta ɗaga, lungun ya yi shiru, ya ɗauko guduma da babbar ƙusa ya zagaya bayan alƙibla. Ya tsuguna ya fasa simintin daidai faɗin tafin hannu. Bai buga da ƙarfi ba ma, ɓawon ya faɗa ciki da kansa. Sai ƙasa ta biyo baya tana zubowa a kan ƙafarsa, baƙa, mai sanyi, jiƙe sharkaf a watan da ko rijiyoyi sun ja baya. Warinta irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa ne. Ya zura hannu. Ya wuce wuyan hannu, ya wuce gwiwar hannu, bai taɓa abin da ya tsayar da shi ba. Yatsunsa suka kamo wani abu, ya jawo: guntun azara ne, ya murƙushe a tafinsa kamar busasshen burodi, gara na watsewa daga ciki. Itacen da aka ce ƙarfe ma yana jin kunyarsa.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya kwance rawaninsa, ya tara ƙasar a ciki, ya ƙulle.

Liman Ousseini ya saurare shi a zaurensa, ya sunsuna ƙasar, ya goge hannu a gefen buzu. Ya tambayi abin yi. Hachimou ya ce a ɓamɓare simintin duka kafin ruwa, a tokare rufi da itace, a bar bangon ya sha iska sati uku, a cike ramin da sabon tubali, a yaɓe da makuba kamar da. Ya ce ko mutum goma ya samu zai iya, shi zai nuna, su su yi.

"A shari'a ban ga abin da ya hana ba," in ji liman. "Amma ka san mutanenmu. A wurinsu simintin nan ba siminti ba ne, ladan mamaci ne yake gudana. Wa zai ɗaga guduma a kansa? Wanda duk ka kira zai ce sai 'ya'yan Alhaji sun yarda. Ni kuma, Hachimou, lasifikar nan da tabarmin nan da famfon alwala duk daga gidan suka fito. Ba bakina ne zai kai musu wannan ba. Kai ka shafa, kai za ka je."

Iyatu na tsakar gida tana shanya kalwa lokacin da ya gaya mata zai tafi Parakou da safe. Ba ta ɗago ba. Ta ce buhu huɗu na ɓawon ɗorawa na nan a ɗakin baya, duk shekara tana zubar da tsoho ta tara sabo, ko da za a tambaya. Bai taɓa sani ba. Ya tsaya yana kallon bayanta da ya ranƙwafa.

"Malam, in ka je ka faɗa wa 'yar Alhaji duka."

"Duka me?"

"Ni na riƙe wa Baba sanda ran nan. Makaho na jawo, ba kurma ba ce ta jawo shi."

Taksin ya cika da mutum tara kafin ya tashi. Hachimou na matse a baya, ƙullin rawani a kan cinya, danshinsa yana ratsa masa wando. Gefen hanya manoma sun riga sun tayar da kunyoyin doya, jere-jere, suna jiran sama. Can gabas gajimare ya taru ya yi fari ƙal, bai yi baƙi ba tukuna. Duk tsawon hanyar abu ɗaya yake juyawa a ransa: yadda zai cire simintin ba tare da ya yanke wa Alhaji ladansa ba. Kafin su shiga Parakou ya samo dabara.

Gidan yana unguwar Zongo, bene mai hawa biyu. Babbar 'yar marigayin, Hajiya Zoulaïha, ita ke riƙe da kasuwancin yanzu. Hachimou ya san ta tun tana yarinya mai kitso biyu, tana bin mahaifinta Djougou da salla. Aka shigar da shi falo mai sanyin na'ura, ƙasansa shimfiɗe da farin karo, wato tayil, mai ɗaukar ido. Ta nuna masa kujera, ya ce ƙasa ta fi masa. Ƙanenta Faruk na gefe, wayoyi biyu a hannu, ya gaishe shi ba tare da ya ajiye ko ɗaya ba.

"Baba Hachimou, kai ne da kanka? Ina Inna Iyatu? Har yanzu tana hana mutane wucewa ta ƙofarku da warin daddawa?"

"Tana nan, Hajiya. Ta ce a gaishe ki."

"Daddawar fa? Ko gaisuwar ce kawai ta iso?"

Aka kawo zoɓo mai ƙanƙara. Aka tambayi liman, aka tambayi unguwa, aka yi wa matattu addu'a. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai sannan ya kwance rawanin a gabansa, ya buɗe. Warin ya tashi a cikin sanyin ɗakin. Faruk ya ja ƙafafunsa baya.

Hachimou ya yi bayani a hankali, yadda ya yi wa liman. Ya ce wannan daga cikin bangon alƙibla ta fito. Ya ce ruwa yana shiga ta tsaga, yana hawowa ta gindi, kuma shekara ashirin da shida bai sami hanyar fita ba. Yanzu simintin ne kaɗai ke tsaye, kauri yatsa biyu, rufin ƙasa mai nauyin motoci yana zaune a kan abin da ya zama kunu.

"Bon," in ji Faruk. "In tsaga ce matsalar, ai da sauƙi. A sa karo. A lulluɓe shi duka da karo, kore da fari, kamar na sabon masallacin tasha. Ruwa ba ya ratsa karo. C'est fini."

"Alhaji ƙarami, wanda ke ciki fa? Mutum na da miki yana ruwa, sai a ƙara naɗe shi da leda?"

"To me kake so?"

"A cire."

Hajiya ta ajiye kofinta. "A cire me?"

"Simintin, Hajiya. Duka."

Da ta yi magana muryarta ba ta tashi ba. Ta ce mahaifinta ya yi shekara hamsin a kasuwa, kuma Baba Hachimou ya san kasuwa, ba mai fitowa daga cikinta da hannu fari tas. Ta ce a gadon asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya kama hannunta ya ce: Zulai, duk abin da na tara ban sa rai da shi ba, sai rigar nan da na sa wa masallaci. Ya tambaye ta ko tana nan daram, ta ce tana nan. Da wannan ya rufe ido.

"Yana kwance shekara takwas, ba ya iya ƙara ko raka'a ɗaya. Abin da ke isa gare shi ke nan. Shi kake so in sa a farfasa a kwashe a baro a kai bola?"

"Ba bola ba." Hachimou ya gyara zama, ya kawo dabarar da ya samo a hanya. "Na yi tunanin wannan. In an ɓamɓare, sai a daddaka shi ya zama tsakuwa, a shimfiɗa a wurin alwala, inda ke yin taɓo da damina. Ko ƙwaya ba za ta fita daga harabar ba. Duk wanda ya zo salla a kansa zai tsaya ya wanke ƙafa. Ladan bai yanke ba."

Tun kafin ya rufe baki ya ga fuskarta ta sauya.

"A tattaka," ta ce. "A kuskure baki a tofa a kai. A fyace hanci."

"Hajiya, ba haka..."

"Sadakar babana, da ke tsaye sama da kan kowa, a mayar da ita ƙarƙashin silifa."

"In bangon ya zo ƙasa da mutane a gindinsa fa? Wannan a littafin wa za a rubuta?"

Faruk ya miƙe tsaye. "A'uzu billahi! Écoute, tsoho, a gidansa kake zaune. Baki za ka yi masa?"

"Zauna, Faruk," in ji Hajiya. Ta juyo ga Hachimou, ta dube shi sosai, irin duban da take yi wa atamfar da ta yi zargin jabu ce. "Baba Hachimou, tambaya ɗaya. Wa ya shafa simintin?"

"Ni."

"Ina nan ranar, ina tsaye bayan kujerar Baba. Na ga yadda ya riƙe hannunka ya ɗaga. Kai ne magini ɗan magini, shi ɗan kasuwa ne, bai san ƙasa ba sai ta taka. To a cikin biyu ɗaya ne. Ko dai ba ka san aikinka ba a lokacin, in haka ne ban ga dalilin da zan yarda ka san shi yau ba. Ko kuma ka sani, ka bar shi ya zuba niyyarsa a rami. Wanne ne?"

Ƙofar fita a buɗe take a cikin tambayar. Zai iya cewa a lokacin ba wanda ya sani, zamani ne ya zo da abin, kowa haka ya yi. Da ta karɓa, wataƙila ma ta tausaya. Ya dubi ƙasar da ke kan rawaninsa, ta fara bushewa a gefe-gefe, tana komawa ja.

"An faɗa mini," ya ce. "Bango ɗaya na yi, mahaifina ya zo ya taɓa, ya ce in tsaya. Ya faɗi abin da zai faru, kuma shi ne ya faru. Na ji shi sarai. Na hau tsani washegari don mahaifinki yana kallona, kuma yabon ya yi mini daɗi. Laifin ba na Alhaji ba ne, niyyarsa ta isa inda za ta tun ranar. Nawa ne. Ki bar ni in cire abin da na sa."

Idon Hajiya ya kawo ruwa, ta sa gefen mayafi ta ɗauke shi tun bai zubo ba.

"Shekara goma sha takwas," ta ce. "Yana zuwa Djougou duk salla, kana cin abinci da shi a akushi ɗaya. Yana da rai, yana da baki, da ka faɗa masa da shi da kansa zai ce a cire, ya sake wata. Ka bari sai da ya zama ba ya iya cewa komai, sannan ka kawo mini a rawani, ni in yanke masa." Ta girgiza kai. "Ba zan iya ba. Ban da wannan ikon a kansa. Ko ɓarɓashi ba za a taɓa ba da yawuna."

"Hajiya, sahun farko mutum goma sha huɗu ne."

"Allah ne ke tsare su, ba kai ba. Bayan salla Faruk zai aiko da karo da maso daga nan. Ba sai ka wahala ba, ka tsufa da hawa tsani." Ta juya ga ƙanenta. "Ka sa a zuba masa abinci, direba ya kai shi tasha."

Hachimou ya ce ya ƙoshi, kuma ƙafarsa ta san hanyar tasha. Ya jawo bakin rawanin zai ƙulle, sai ya ga ƙasar ta zube kaɗan a kan farin karo, wajen gwiwarsa. Wata mai aiki ta leƙo da tsintsiya. Ya ɗaga mata hannu. Ƙasar masallaci ce, an yi sujada a gabanta tun kafin a haifi kakan kowa a ɗakin nan, ba za ta bi shara ba. Ya sa gefen tafinsa ya tattaro ta a hankali, ya bi layin da ke tsakanin karo da ɗan yatsa ya ƙwaƙulo wadda ta maƙale, ya mayar cikin rawani. Su biyun suna kallonsa, ba wanda ya yi motsi.

Tashi ya ba shi wuya. Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, gwiwa ta yi ƙara, ya miƙe a karo na biyu. Zoɓon na nan inda aka ajiye, ƙanƙarar ta narke.

"Allah ya jiƙan Alhaji," ya ce.

"Amin," in ji Hajiya, ba ta dube shi ba.

Ya rungume ƙullin a ƙirji, kansa ba rawani, furfurarsa a waje. Ya tura ƙofar gilas da kafaɗa, zafin rana ya tare shi a bakin ƙofa, ya laluba takalmansa da ƙafa, ya fita.